Shin Akwai Kalmar da Ba Ta da Wasali? Sharhi a kan Wata Ƙa'ida

1.0 Gabatarwa

Malamai da dama kan koya wa ɗalibai cewa kalma ba ta samuwa sai da wasali. Masu musun wannan ƙa'ida kuwa sukan kafa hujja da kalmomin Ingilishi irin su rhythm da myth. Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa ɓangarorin biyu sun cuɗa harafi da sauti.

2.0 Harafi da Sauti

A kalmar myth, harafin y sautin wasali yake wakilta, don haka ba ta zama hujja ba. Haka nan Balarabe kan rubuta baƙaƙe uku, k-t-b, ya karanta kataba. Almajirin da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya san cewa rashin wasali a allo ba rashinsa ba ne a baki.

3.0 Cibiyar Gaɓa

Duk da haka, kalmomi marasa wasali a furuci suna nan. A harshen Cek, krk na nufin wuya, kuma r ce cibiyar gaɓar. Dell da Elmedlaoui sun nuna a 1985 cewa a Tashilhit, harshen Barbar na Maroko, kowane baƙi na iya riƙe gaɓa. Ba sai an je nesa ba: a unguwar Tunga ta Minna ana jin Inyamuri yana cewa nne m, wato uwata, Bayarabe kuma yana cewa ó ń lọ, wato yana tafiya. Da m da ń kalmomi ne, kuma kowacce ɗan hanci ne tsantsa mai ɗauke da karin sauti.

Hausa tana da tsauri a nan, shi ya sa take cusa wasali a kalmomin aro kamar burodi da direba. Amma ko ita, wakilin sunan da ake rubutawa in, kamar a cikin bari in zo, akan furta shi da ɗan hanci kaɗai, kamar yadda Newman ya bayyana a nahawunsa na 2000.

4.0 Kammalawa

Abin da gaɓa ba ta rasawa shi ne cibiya, ba lalle wasali ba. Malamin da ya mayar da ɗabi'ar Hausa dokar dukkan harsuna zai sa ɗalibi ya ɗauki harshen iyayensa kuskure. Ya kamata masu tsara littattafan koyarwa su gyara wannan bayani.