Kaza a Miyar Sinawa: Abin da Madafar Wudil ta Ɗauka da Abin da ta Bari

Wudil gari ne na shanu da kifi. Ranar Juma'a Kara, kasuwar shanu, ke cika, sauran ranaku kuma matafiyin da ya biyo hanyar Kano zuwa Maiduguri ƙamshin soyayyen kifi ne ke tarbarsa a bakin gada. Kaza ba ta cikin abin da aka san garin da shi. Sai dai tun da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, ga kuma Makarantar Horar da 'Yan Sanda, garin ya tara ma'aikata da ɗalibai daga sassa daban-daban, kowa da irin bakinsa. A irin gidajen nan, da ɗakunan amaren da suka yi ajin koyon girki kafin biki, wani girkin kaza ya samu wurin zama: tsoka yankakkiya ƙanana-ƙanana cikin miya mai duhu mai sheƙi, da koren tattasai da karas da albasa, ana zubawa a gefen soyayyiyar shinkafa ko taliya. An fi ganinsa a buɗa-baki, da Sallah, da ranar da maigida zai zo da baƙi.

Ina son girkin nan, shi ya sa nake jin zafin yadda ake yi masa. Yawancin masu yinsa kwalbar soya sos suka karɓo daga Sinawa suka baro dabarar a can, alhali dabarar ce ba a sayenta da kuɗi.

Sinawa sun daɗe a ƙasar nan. Tun shekarun 1960 masu masana'antu daga Hong Kong suka shigo arewa: Cha Chi-ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, iyalan Lee kuma suka yi suna a Kano da kayan roba da takalma. Najeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1971, har ta kai a 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan China. Duk tsawon wannan zama, abincinsu bai wuce gidajensu da 'yan wuraren cin abinci na unguwannin masu hali ba. Abin da ya shigo da shi ɗakin matar aure shi ne bidiyon waya da malaman girki. Su kuma mafi yawan abin da suke nunawa girkin Sinawa ne kamar yadda ya koma a Amurka ko Indiya ko Legas. Ba laifi ba ne wannan. Shahararriyar kazar nan mai suna General Tso, wani kuku ne mai suna Peng Chang-kuei ya ƙirƙiro ta a Taiwan, sai da ta je New York a shekarun 1970 aka ƙara mata sukari ta zama abin da duniya ta sani. Kazar Manchurian kuwa a Mumbai aka haife ta a 1975, a hannun Nelson Wang, da tafarnuwa da citta da ɗanyen barkono irin na Indiyawa. Girki ne da duk inda ya sauka yake bin bakin masu gida. Saboda haka matar Wudil tana da cikakken 'yancin ta juya shi, muddin ta san abin da take juyawa.

A fara da kwalbar. Soya sos na ainihi waken suya ne dafaffe da gasasshiyar alkama, a sa musu wata irin fumfuna su kwana biyu ko uku, sannan a jiƙa su a ruwan gishiri na tsawon watanni kafin a tace. Duk matar da ta taɓa ganin ana daddawa ta san wannan hikima. A dafa kalwa ta yi laushi, a surfe, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki ta ruɓa, a kirɓa a shanya. A duka biyun ƙananan halittu ne ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar, su fito da abin da ke sa miya ta yi armashi. Shi ne sinadarin da Kikunae Ikeda na Japan ya ware a 1908, kamfanin Ajinomoto ya fara sayar da shi a 1909, mu kuma muke ce masa farin magi. Ma'ana, aikin da daddawa ke yi a miyar kuka shi soya sos ke yi a kaskon Basine. Iri biyu ne ake yawan samu: marar duhu sosai, wanda ya fi gishiri kuma shi ke ba da ɗanɗano, da baƙi mai kauri, wanda launi ne aikinsa, rabin ƙaramin cokali ya wadatar. Akwai kuma na arha da ba a tsima shi ba, an narka furotin da sinadari cikin 'yan kwanaki aka zuba masa kala. Jikin kwalba zai faɗa maki: na kirki ruwa ne da wake da alkama da gishiri.

A nan matsalar farko take. Hannunmu ya saba da dunƙulen magi, ba ma iya ɗora tukunya ba mu murƙushe biyu ko uku ba. Sai a jiƙa kaza da gishiri da magi, a zo a zuba soya sos, a bi shi da oyista sos, wanda shi ma gishiri ne da sukari da ruwan wata dabbar teku mai ɓawo, wani lokaci har a yayyafa farin magi. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da kimanin miligiram 900 na sodiyam, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 a wuni, wato gishiri giram 5. A gidan da ake da uwa ko uba mai hawan jini wannan lissafi ba abin wasa ba ne. Ko ba don lafiya ba, bakin da gishiri ya cika ba ya jin citta, ba ya jin zaƙin albasa. In an buɗe kwalbar, to a mayar da gwangwanin magi wurinsa.

Matsala ta biyu ita ce babba, ita ce kuma na fi son malaman girki su tsaya a kai. Bahaushiya tana da tsarinta na kaza: a tafasa da albasa da kayan ƙamshi, a tsame, a soya a mai har ta yi ja ta bushe, sannan a jefa a miya. Tsari ne mai hankali, domin kazar Hausa aka yi shi. Ita ta yi watanni tana tone-tone a bayan gida, namanta ya yi tauri ya kuma tara daɗi, ba abin da zai saukar da ita sai doguwar wuta. Girkin Sinawa na gaggawa akasin haka yake tafiya. Ɗanyar tsoka ake yankawa a gicciye, ba a bin tsawon zarenta, a tsane ruwanta sarai, a cakuɗa da ɗan soya sos da farin ƙwai da konfulawa, a bar ta kamar minti 20. Wannan lulluɓi shi ke riƙe ruwan naman. Sai a ɗora kasko ya yi zafi har ya fara hayaƙi, a zuba mai kaɗan, a baza naman kada ya hau kan juna, minti uku ko huɗu a kwashe. Citta da tafarnuwa su shiga, kayan lambu su biyo baya su ɗan risina kawai, a mayar da kaza, a zuba haɗin miyar da aka riga aka dama a kofi, ta yi kauri nan take, a sauke. Aikin duk a yanka da shiri yake. Kan wuta bai kai minti goma ba.

Wannan hanya kazar gidan gona take so, wadda ke isa yanka cikin sati shida zuwa takwas, namanta da taushi amma salam. Abin da ke faruwa a ɗakunanmu shi ne a gauraya tsarin biyu. A tafasa kazar gidan gona, a soya ta ƙarau, sannan a zuba mata sos. Ta riga ta bushe, miyar a bayanta kawai za ta tsaya. Ko kuma a cika ƙaramin kasko da jiƙaƙƙen nama a kan risho ko ƙaramin gas, wutar ta kasa, naman ya saki ruwa ya koma dahuwa, tattasai ya yi laƙwas. Na san dalilin tafasawar: muna ƙyamar naman da bai ji wuta ba, kuma da gaskiyarmu. Amma yankan da bai fi kaurin ɗan yatsa ba yana nuna har ciki cikin 'yan mintoci; a tsaga guda ɗaya a duba, in ya yi fari tas ba ja, ya yi.

Abin mamaki, kayan aikin da girkin ke nema suna nan tsakar gida. Kaskon ƙarfe mai zurfi mai zagayayyen gindi da mai ƙosai ke amfani da shi, da wanda ake suyar kifi a bakin gada, ƙirarsa ɗaya da kaskon Sinawa. Murhun gawayi da aka fifita da kyau yana ba da zafin da ƙaramin kan gas ba ya kaiwa. Amarya na ganin sai a kicin mai tayil ake abincin zamani, ga shi kuwa kurfoti ya fi dacewa da shi.

Kazar Hausa ma ba a bar ta a baya ba, hanyarta ce daban. Sinawa suna da dahuwar da suke kira hong shao: a soya nama da ƙashinsa sama-sama, a zuba soya sos da citta da ɗan sukari da ruwa, a rufe a bar shi kan marar ƙarfin wuta har romon ya ƙafe ya kama naman. Sau da yawa a tukunyar ƙasa suke yi, Wudil kuwa ba ta rasa maginan tukwane ba. A yankin Xinjiang, inda Musulmi ke da yawa, akwai dapanji, kaza da ƙashinta da dankalin turawa da barkono a babban faranti, a ci da faffaɗar taliya. Ɗan kasuwar Kwari da ya je sarin kaya Guangzhou ya nemi abincin halal a unguwar Xiaobei, irin wannan girki na Musulmin Sin yake tararwa. A ganina shi ya fi kusa da bakinmu, shi kuma ba a cika koyar da shi ba. Zakaran da aka sayo ranar kasuwa, awa ɗaya da rabi a irin wannan romo da ɗan gutsuren mazarƙwaila a madadin sukari, ya fi duk wata tsokar gidan gona.

Zancen halal yana buƙatar a buɗe ido. Girke-girken Sinawa da yawa suna sa giyar shinkafa ta Shaoxing wajen jiƙa nama, wasu bidiyoyin kuma suna ambatonta a gurguje kamar wani kayan ƙamshi. A bar ta. Citta da ɗan ruwan lemon tsami suna kashe ƙarni. Shi kansa soya sos ɗin da aka tsima yakan samu ɗan burbushin barasa daga tsimin, don haka kamfanoni ke fitar da mai tambarin halal. A duba tambarin, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Oyista sos, wanda Lee Kum Sheung ya fara yi a lardin Guangdong a 1888, daga dabbar ruwa yake, mazhabar Malikiyya kuma ta halatta abin da ke cikin teku.

In aka cire soya sos, kusan komai namu ne. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa. Riɗin Jigawa da ake lodi a Dawanau zuwa Asiya, irinsa ne ake soyawa a matse a sa a 'yar kwalba mai tsada. Wadda ta soya riɗi ta daka ta barbaɗa ta samu rabin ƙamshin. Kazar Kung Pao ta lardin Sichuan, wadda aka danganta da gwamna Ding Baozhen na ƙarni na 19, da soyayyiyar gyaɗa da busasshen barkono ake yinta, yajin da ke sa harshe zuga a cikinta kuwa ɗan uwan fasaƙwari ne, dangin itace ɗaya suke. Tsamiya tana iya aikin binega. Sukari ne kawai nake ganin a ja hannu da shi, domin bakin Bahaushe bai saba haɗa zaƙi da nama ba, kuma da yawan dattawan da suka ture farantin nan zaƙin ne ya kore su. Mun taɓa yin irin wannan karɓa. Awara abincin Sinawa ce da suka shafe fiye da shekara 1,000 suna yi. Muka soya ta, muka bi ta da yaji da kabeji, yau ba yarinyar da ke tallarta a ƙofar makaranta da ke ɗaukarta baƙuwa.

Saura abu guda da girkin ya taɓa wanda ya wuce ɗanɗano. A gidan Bahaushe kaza rabo ce, kowace gaɓa da mai ita: cinya da ƙundu na maigida, ƙirji na baƙo ko uwargida, fiffike da wuya da ƙafa su gangaro wa yara. Mai rabon tana faɗin matsayin kowa ba tare da ta buɗe baki ba. Sinawa suna yanka ƙanana ne saboda da tsinke biyu suke ci, ba wuƙa a wurin cin abinci, kuma yankan yana sa ɗan nama ya ratsa kayan lambu mai yawa. Idan wannan faranti ya sauka a tabarma, ba cinya ba wuya, ludayi ɗaya ne ga kowa. A lokacin tsada, ƙirjin kaza biyu da tattasai da karas da kabeji za su ciyar da mutum shida, yaron da ya saba da ƙafa ya ci tsoka. Wasu magidantan ba sa jin an yanka musu kaza in ba su riƙe ƙashi ba, wasu matan kuma sun gano sulhu: a cire ƙirji a yi na Sinawa da rana, cinyoyi da ƙundu da sauran ƙashi a ajiye su a yi farfesu da dare.