Tokarar Sanda da Murɗewar Filafili

Masana tuƙin jiragen ruwa masu tafiya da iska sun yi ittifaƙi a kan cewa iskar da ke kaɗawa a ƙolin jigo ta fi wadda ke shafar fuskar ruwa ƙarfi, saboda haka wajibi ne babban filafili ya ɗan murɗe, samansa ya fi gindinsa buɗewa, domin kowane sashe nasa ya karɓi iska ta fuskar da ta dace. Abin da ke hukunta wannan murɗewa kuwa shi ne tashi da saukar sandar kwancen da ke riƙe da gindin filafilin: in ta ɗaga, gefen baya ya saki, in an danne ta, ya ɗame.

A da igiya biyu ke wannan hidima, ɗaya daga ƙolin jigo tana rataye da sandar, ɗaya daga gindinsa tana janyo ta ƙasa. Yanzu yayin tokara mai sifirin ake yi, irin Rodkicker ta kamfanin Seldén na ƙasar Suwidin, wadda ke tallafe sandar daga ƙasa alhali igiyar dannewa tana tare da ita. Ni kam ina bayan wannan bidi'a, kuma hujjata ita ce ranar da iska ta yi rauni, domin a irin wannan hali nauyin sandar kaɗai ya isa ya rufe gefen filafili, har ƙyallayen nan da ake liƙawa don nuna tafiyar iska su lanƙwashe su ɓuya, jirgi ya yi ta jan ciki. Amma da zarar tokara ta ɗauke nauyin, sai saman filafili ya buɗe, iska ta wuce salin alin.

Sai dai akwai illa, kuma daga ƙarfin na'urorin zamani take. A ƙaramin jirgin tsere na Laser, wanda Bruce Kirby ya tsara, igiyar dannewa tana iya ninka ƙarfin hannu har sau 15, kuma galibin sababbin shiga, da yake ja ya yi sauƙi, sai su ɗame ta iyaka su manta da ita. To, in iska ta taso da ƙarfi daga gefe, sandar ba ta da halin ɗagawa ta zubar da ita, bakinta ya nutse, jirgi ya karkata ya ƙi bin umurnin matuƙi.

Shawarata ga mai jirgi ita ce ya sayi tokarar, amma ya kawo bakin igiyarta inda hannunsa zai kai nan take, ya kuma koyi sakinta kafin ya koyi janta.