Kishin Ƙasa Ba A Baki Yake Ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2024 da Shugaba Tinubu ya sa hannu aka dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, ake ta gaya mana wai hakan zai ƙara haɗin kai da kishin ƙasa. Yaranmu na nan Sabo sun haddace shi tsaf, kullum da safe suna rerawa a makaranta. To, madalla. Amma ni dai ban ga abin da ya sauya ba.

Kwanakin baya ɗana ya je neman takardar shaidar asali don cike fom ɗin aiki. A nan Ibadan aka haife shi, a nan aka haife ni, Yarbanci kuwa ya fi ni iyawa. Aka ce ya tafi "garinsu". Wane gari? Ƙauyen da kakana ya baro da fataucin goro, inda ba wanda ya san fuskar yaron? Tun 1916 aka kafa Sabo. Sama da shekara ɗari ke nan, amma har yau baƙi ake ce mana.

Tsarin mulkin 1999 kansa baki biyu gare shi. Sashe na 41 ya ba ɗan Najeriya 'yancin zama inda ya ga dama, na 42 ya hana nuna masa bambanci, na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida ko'ina. Sai kuma sashe na 147 ya ce minista sai ɗan asalin jiha, ba tare da la'akari da wanda ya shekara hamsin yana biyan haraji a wuri ba. Wannan tunani ne ya bi gurbin karatu da ɗaukar aiki.

Ga inda batun tsaro ya shigo. Sashe na 24 ya ɗora wa kowa taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka. Amma mutumin da ake kallo a matsayin baƙo, idan ya ga abin zargi, tsoro yake ji kada ya kai rahoto a fara da shi. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ɓata-gari su samu mafaka. Kuma da rigima ta tashi, kamar ta Sagamu a 1999 ko ta kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, nan take ake raba mutane gida biyu.

Mu ma fa da namu laifin, jama'a. Da yawanmu katin zaɓenmu na gida ne, ba mu da ƙuri'a a mazaɓar da muke kwana. Baƙo ya sauka da jaka, ba mai tambayarsa daga ina, ba mai kai shi fadar Sarkin Hausawa. In ya yi ɓarna ya gudu, mu da shagunanmu ne a ciki.

Don haka kowa ya mayar da rajistar zaɓensa nan, masu masauki su riƙa rubuta sunan baƙo da lambarsa, mu kuma shiga taron 'yan sanda da jama'ar unguwa. 'Yan majalisa kuwa, tun da sun iya sauya take cikin 'yan kwanaki, sai su gyara dokar asali, wanda aka haifa a wuri ya zama ɗan wurin.