Ɗa Na Kowa Ne, Ban Da Mai Galahanga?

A unguwarmu nan Assakio, bakinmu bai gajiya da cewa ɗa na kowa ne. To, a tambayi uwar yaro mai lalurar galahanga, wato otizim, inda take barinsa ranar kasuwa. Ta kai shi nazare, kwana biyu a ce ba ya jin magana, ta zo ta ɗauki abinta. A islamiyya ya sha bulala don ya ƙi kallon malam. Maƙwabta kuma su ce iskoki ne. Ƙarshenta dai a kulle shi a ɗaki.

Jama'a, wannan ba taurin kai ba ne. Yaron da ke toshe kunne in injin niƙa ya tashi, ƙarar ce ke cutar da shi. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yaro 1 cikin 100 na da lalurar.

Gaskiya ne gwamnatin Al-Makura ta gina makarantar masu buƙata ta musamman, aka buɗe ta a 2018. Amma tana Lafia. Wa zai ɗora ɗan shekara uku a mota kullum, zuwa da dawowa?

Abin da yaron ke buƙata bai fi ƙarfinmu ba: ɗaki marar hayaniya, yara ƙalilan, mai raino ɗaya da ba a canjawa, abinci da barci a lokaci guda kullum, ƙofa mai sakata, kuma ban da duka.

Masu makarantu da kwamitin masallaci, mun iya haɗa kuɗin lasifika. Ɗaki ɗaya ne zai gagare mu?