Rufe Ƙofar Ruwa a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kura ko Bunkure ya san ba a rufe ƙofar ruwa da ka. Ruwan dam ɗin Tiga yakan biyo babbar magudana ne ya rarrabu cikin ƙanana. Ka toshe ɗaya ba ka duba ba, shinkafar wani can ƙasa ta bushe, gobe a kira ka gaban mai unguwa.

Irin wannan hankalin na gani wajen ƙanwata, wadda ke riƙe wa wata ƙungiyar manoma bayanansu a PostgreSQL, rumbun bayanan da ya samo asali daga aikin Michael Stonebraker a Berkeley ta Amurka a 1986. Bayan su + da = da kowa ya sani, rumbun yana barin mutum ya ƙirƙiri alamarsa. Wanda ta gada ya ƙirƙiri #= don gano gonaki biyu masu shan ruwan magudana ɗaya. An sake tsari, alamar ta zama kaya.

Umarnin gajere ne: DROP OPERATOR, sai alamar, sai nau'in bayanan da ke hagunta da damanta, tunda alama ɗaya takan yi aiki kan nau'o'i da yawa, kamar Audu goma a unguwa guda.

"Yaya, ai rubutawar ba wuya," in ji ta. Sai da ta fara buga BEGIN, don in abu ya kwaɓe ROLLBACK ya mayar da komai yadda yake. Rumbun ya ƙi cirewa, domin ɗabi'arsa ke nan, RESTRICT, ya kuma lissafa mata tagogin duba bayanai biyu da suka jingina da alamar. Kalma ɗaya, CASCADE, za ta share su duka. Mai gaggawa ita yake bugawa. Ita kam ROLLBACK ta buga, ta sake BEGIN, ta gyara tagogin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi burge ni, ba ta yarda da lissafin rumbun kaɗai ba. Ba ya ganin alamar in an rubuta ta cikin aikin da aka rubuta da harshen rumbun, PL/pgSQL, ko cikin manhajar da ke buga rahoton kuɗin ruwa. Sai ranar amfani abin ya fashe. Ta bi su da ido, layi-layi, ta tsamo guda, ta gyara. Sannan ta cire alamar, ta bi aikin da alamar take kira, wanda ba ya tafiya da kansa, shi ma ta cire, ta buga COMMIT ana kiran la'asar.