Tubabbun Mafiya a Kotunan Italiya

A Italiya, ɗan ƙungiyar masu laifi da ya juya ya ba hukuma haɗin kai ana kiransa pentito, wato tubabbe. Tsarin ciniki ne: mai laifi ya faɗi abin da ya sani, gwamnati ta sassauta masa hukunci, ta ɓoye shi da iyalinsa. An fara amfani da shi a kan 'yan ta'addan Red Brigades a farkon shekarun 1980, daga baya masu bincike a tsibirin Sisili suka juya shi a kan Cosa Nostra, wato Mafiyar tsibirin, ƙungiyar da ƙarfinta ya dogara ga omertà, dokar kame baki wadda duk wanda ya karya ta sai ya baƙunci lahira.

Tun a 1973 wani ɗan ƙungiyar mai suna Leonardo Vitale ya kai kansa ga 'yan sanda a Palermo ya zayyana sunaye. Aka ce taɓin hankali ne, aka kulle shi a asibitin mahaukata. An harbe shi a Disamba 1984, 'yan watanni bayan sakinsa.

Wanda ya sa aka soma sauraren tubabbu shi ne Tommaso Buscetta. An haife shi a Palermo a 1928, auta cikin 'ya'ya 17. A tsarin ƙungiyar bai taɓa riƙe babban muƙami ba, amma manyanta na jin maganarsa, kuma harkokinsa sun kai Amurka da Brazil. A yaƙin da ɓangaren Corleone ƙarƙashin Salvatore Riina ya ƙaddamar a 1981, abokan Buscetta ne suka sha kashi. 'Ya'yansa biyu sun ɓace a 1982, aka kashe ɗan'uwansa da surukinsa. An kama shi a Brazil a 1983, daga baya ya sha guba don kada a mai da shi gida, bai mutu ba. A 1984 ya zauna gaban alƙali mai bincike Giovanni Falcone.

Abin da ya ba Falcone ya wuce sunaye. Ya bayyana yadda ake shigar da sabon ɗa: a soki yatsansa, a ɗiga jinin a kan hoton wani waliyyi, a cinna wa hoton wuta yana juya shi tsakanin tafukansa yana rantsuwa. Ya kuma nuna cewa gidajen Mafiya suna ƙarƙashin majalisa guda, kuma ba a kashe wani babban mutum sai da amincewarta. Wannan ne ya ba kotu damar kama shugabannin da ba su taɓa bindiga da hannunsu ba. An fara babbar shari'ar Palermo a Fabrairu 1986 da mutum 475, a wani zauren kankare da aka gina jikin kurkukun Ucciardone, waɗanda ake tuhuma a cikin keji, Buscetta kuwa bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa. A Disamba 1987 aka samu fiye da 300 da laifi, 19 suka sha ɗaurin rai da rai. Kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Janairu 1992; a Mayu na wannan shekarar aka tashi bam aka kashe Falcone a Capaci.

Sai dai labarin tubabbe labarin mai neman mafita ne. Buscetta ya zana tsohuwar Mafiya a matsayin taron masu mutunci da 'yan Corleone suka lalata, ya kuma musanta hannu a fataucin miyagun ƙwayoyi, abin da masu nazari da dama ba su gamsu da shi ba. Zaɓen abin faɗa ma yake yi: ya ƙi taɓa 'yan siyasa sai bayan mutuwar Falcone, sannan ya ambaci tsohon Firayim Minista Giulio Andreotti. Falcone ya san da haka, shi ya sa ba ya karɓar magana sai ya gwada ta da takardun banki da shaidar wasu. Inda aka yi sakaci da wannan, sakamakon ya yi muni. A 1983 aka kama Enzo Tortora, fitaccen mai gabatar da shirin talabijin, bisa ƙaryar wasu tubabbun Camorra, wata ƙungiyar masu laifi ta daban. Aka yanke masa shekara 10, sai a 1986 aka wanke shi.

Dokar 1991 ce ta kafa tsarin kare tubabbu a hukumance, ta 2001 kuma ta ƙayyade musu kwana 180 su faɗi duk abin da suka sani, don hana su tsakuro asiri kaɗan-kaɗan suna ƙara farashi. Buscetta ya mutu da ciwon daji a Amurka a 2000, yana ɗauke da sunan aro. Muhawara ta sake tashi a 2021, lokacin da aka saki Giovanni Brusca bayan shekara 25. Shi ne ya danna bam ɗin Capaci, shi ne kuma ya sa aka shaƙe ɗan wani tubabbe aka narkar da gawarsa a ruwan asid. An sake shi ne a ƙarƙashin dokar da Falcone da kansa ya nemi a kafa.