Bindigar Radha a Mother India

A ƙarshen Mother India, fim ɗin Mehboob Khan na 1957, Radha ta harbe ɗanta Birju sa'ad da ya sace 'yar Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, ranar aurenta. Ƙarar bindigar da hawayen Nargis kaɗan ne daga nauyin wannan fitowa. Tun farko mun ga matar nan tana jan garma da kafaɗa, ta jure yunwa da ambaliya domin yaron ya rayu. Shi kuwa Birju ƙiyayyarsa na da tushe, azzalumi ne ya cinye gonarsu. Mai kallo ya rasa wanda zai goya wa baya. Sai ga awarwaron uwar, da Birju ya ƙwato, a hannunsa yana cikawa.